"Than I" ko "than me": wa ke da gaskiya, takarda ko kunne?

Akwai wata takardar fotokofi da ke yawo a hannun ƴan ajin BEPC da ƴan tarminal, shafi huɗu, babu sunan wanda ya rubuta ta, an yi ta ɗaukar hotonta daga hoto har baƙaƙen sun fara narkewa. Tambayoyin Ingilishi ne na shirin jarrabawa, amsoshinsu na shafin ƙarshe. Da yawanmu mun saye ta, wasu sun haddace ta kamar karatun allo. Wannan takarda nake so in yi wa suka, ko in ce wani ɓangare nata, domin abin da ke ciki ba ita kaɗai ke faɗinsa ba, ana rubuta shi a tablo ma.

Ɓangaren shi ne na kwatance. An rubuta: "Ali is taller than ...", aka bar gurbi, aka ce a zaɓi "I" ko "me". Amsar da ke baya: "I". Sai wani ɗan gargaɗi a ƙasa da Faransanci, wai "than me" kuskure ne babba. Tambayoyi biyar a jere duk a kan wannan abu ɗaya: she ko her, they ko them, we ko us. Wanda ya sa "me" ya rasa maki. To amma shi wannan yaro da ya sa "me" ba daga kansa ya ƙago ba. Ya ji shi a fim, ya ji shi a waƙa, ya ji shi a bakin masu sharhin ƙwallon Ingila, ya ji shi a rediyo. Kunnensa ya ɗauko abin da miliyoyin masu harshen ke faɗi kullum, takarda ta ce masa bai iya ba. Ni dai ina ganin an zalunce shi, kuma zan faɗi dalili.

Da farko bari in ba takardar haƙƙinta, don hujjarta ba ta banza ba ce. Ingilishi yana da wakilan suna masu riga biyu. Idan wakilin suna shi ke aikata aiki, abin da muke kira sujet a ajin Faransanci, malaman Hausa kuma su ce aikau, sai ya sa rigar I, he, she, we, they. Idan aikin a kansa ya faɗa, wato karɓau, ko kuma ya biyo bayan ƙananan kalmomi irin su to, for, with, sai ya sa rigar me, him, her, us, them. Masu ra'ayin takardar sun ce "than" mahaɗi ne, conjonction, yana haɗa jimla da jimla. Wai idan ka ce "Ali is taller than I", jimlar ta biyu tana nan a ɓoye, an datse mata wutsiya ne kawai: "than I am". Tun da ba mai cewa "than me am", ke nan "than me" ma ba daidai ba ne. Lissafin ya yi tsaf. Kuma dabarar ƙarasa jimlar a zuci tana da amfani na gaske, zan dawo kanta.

Matsalar ita ce lissafin ya tsaya a kan ƙafa ɗaya: cewa "than" mahaɗi ne kullum, ko da yaushe akwai aikatau a ɓoye bayansa. Ku gwada da kanku. "The car was going faster than 80 kilometres an hour." Wane aikatau za ka ƙarasa da shi a nan? Kilomita 80 ba ta gudu. "He trusts nobody more than himself" fa? Ko ka ɗauki tambaya irin wadda yara ke yi: "Who are you taller than?" An bar "than" shi kaɗai a ƙarshe, yadda ake barin "with" a "Who are you going with?" Mahaɗi irin su because ko although ba ya yarda a bar shi haka. Ke nan wani lokaci "than" yana aiki ne kamar préposition, kuma bayan préposition rigar "me" ake sawa. Wannan shi ne abin da takardar ta ɓoye, ko kuma wanda ya rubuta ta shi ma ba a taɓa gaya masa ba.

Rigimar ta tsufa ƙwarai, ta girmi kakannin kakanninmu. A 1762 wani malamin coci a Ingila, Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishof na Landan, ya fitar da ɗan littafin nahawun Ingilishi. Mutum ne masanin Latin da Girkanci da Ibrananci. Salonsa shi ne ya kafa ƙa'ida a sama, a ƙasan shafi kuma ya jero manyan marubuta da suka saɓa mata, har da su Shakespeare da fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James. Shi ne ya yi fice wajen cewa a ƙarasa jimlar da ke bayan "than" a ga rigar da ta dace. A Latin haka abin yake da kalmar quam: abin da ke bayanta yana bin rigar abin da ake kwatanta shi da shi. Sai dai shi kansa Lowth ya ci karo da wani dutse, wato "than whom". Marubutan Ingilishi sun daɗe suna rubuta "than whom", ba sa rubuta "than who", ko da kuwa lissafin ƙarasa jimla ya ce "who" ne ya kamata. Lowth bai iya kore shi ba, sai ya bar shi a matsayin keɓantacce. Ku duba fa: "whom" ɗan uwan "him" da "them" ne, riga ɗaya suke sawa. In an yarda da "than whom", da wace hujja za a hana "than him"?

A zamaninsa ma ba kowa ya bi shi ba. Joseph Priestley, wanda muka fi sani a ajin kimiyya saboda iskar oksijin, shi ma ya rubuta nahawu a 1761, ya kuma faɗaɗa shi daga baya. Ra'ayinsa shi ne al'adar masu magana ita ke yanke hukunci a harshe, kuma ya lura cewa mutane, har da marubuta, suna sa "me" da "him" bayan "than". Amma ra'ayin Lowth ne ya shiga makarantu, musamman ta hannun Lindley Murray, wanda nahawunsa na 1795 ya ɗauki abubuwa da yawa daga Lowth, aka yi ta buga shi ana koyar da yara da shi a Ingila da Amurka shekara da shekaru. Daga littafi zuwa littafi, daga malami zuwa ɗalibi, har abin ya iso injin fotokofi na bakin lise ɗinmu. Abin da ke ba ni dariya shi ne a hanya an zubar da gardamar, an riƙe hukuncin kawai.

Littattafan da ake koyon Ingilishi da su yau ba haka suke cewa ba. Wanda ya taɓa riƙe English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985, ya san yana koyar da "than me" ko "than I am", yana kuma nuna cewa "than I" tsirara ba shi aka saba faɗi ba. Practical English Usage na Michael Swan ya raba abin gida biyu: a maganar yau da kullum rigar "me", a salon hukuma kuma "I" tare da aikatau ɗinsa. Babban nahawun Kambirij na Huddleston da Pullum, na 2002, shi ma préposition ya ɗauki "than". Waɗannan ba ƴan tasha ba ne. To yaya takardar da ba ta da ko sunan mai ita za ta fi su sanin Ingilishi?

Wani abu kuma da ya kamata mai son tsaurin ƙa'ida ya sani: kalmar "you" da kanta asalinta rigar karɓau ce. A tsohon Ingilishi "ye" ke aikata aiki, "you" ke karɓa. Sannu a hankali "you" ya cinye wurin "ye", yau ba wanda ke jin "you are" kuskure ne. In da masu jan biro na wancan lokaci sun yi nasara, da yanzu muna rasa maki a kan wannan ma.

Yanzu in zo inda abin ya fi damuna. Takardar ta ɗauke mu kamar mun shigo ajin Ingilishi da kai fanko. Alhali ɗan siziyam a Tawa ko Damagaram, ranar da ya fara jin "good morning", ya riga ya mallaki harshe biyu, wani uku, kuma kowanne yana da hanyarsa ta kwatance. A Faransanci muna cewa "il est plus grand que moi". Ba wanda zai ce "que je" sai mushe ya ɗaga kai ya dube shi. Faransanci yana da jerin moi, toi, lui, eux, waɗanda ke tsayawa da ƙafarsu idan babu aikatau kusa. "Me" na Ingilishin baka irin wannan aiki yake yi: an buga ƙofa, an ce "Who is it?", ka ce "Me", yadda za ka ce "Moi". Wanda ya bi ta makarantar Larabci ya san "akbaru minni": harafin min ne, sai wakilin suna ya manne masa, ba a cewa "min ana". Maƙwabtanmu kuma da muke haɗuwa da su a kasuwar Jibiya ko Illela, in sun juya zuwa burokan, "e tall pass me" suke cewa.

Wannan na ƙarshe kusan Hausa ne aka sa wa kalmomin Turawa. Mu ba mu da kalma irin "than" a asalin ginin kwatancenmu. Aikatau muke da shi: fi. "Ali ya fi ni tsawo." Ali ne aikau, ni karɓau, shi ya sa ake cewa "ya fi ka", "ya fi ta", ba a cewa "ya fi kai tsawo" sai in ana son wani ƙarfafawa na daban. In ana nufin daidaito sai a kawo wani aikatau: "ya kai ni tsawo", wanda Ingilishi zai ce "as tall as me" ko "as tall as I am", kuma rigimar I da me tana nan a bayan "as" kamar yadda take a bayan "than". Sai in mun ɗauko "fiye da" ne rigar ke canzawa: "fiye da kai", "fiye da ita". Ka ga ashe Bahaushe ya san bambancin riga biyu tun yana goye, ya san "ka" da "kai", "ta" da "ita". Malamin da ya fara daga nan, cikin minti biyar zai gama bayanin da takardar ta kasa yi a tambaya biyar. Duk harsunan da muke ɗauke da su suna tura mu wajen "than me", Ingilishin da ake magana da shi ma can ya nufa, takarda ce kaɗai ta tsaya a hanya.

Amma kada wani ya ce na ce zaɓin riga ba shi da wani muhimmanci. Akwai wuri ɗaya da yake da nauyi sosai, kuma abin mamaki nan ne takardar ba ta leƙa ba. Idan jimlar tana da mutum biyu kafin a iso "than", mai yi da wanda aka yi wa, to rigar na iya canza ma'ana gaba ɗaya. Ɗauki wannan: "Hadiza likes Musa more than me." Mi ake nufi? Ko dai son da Hadiza ke wa Musa ya fi wanda take mini, ko kuma son da take masa ya fi wanda ni nake masa. Magana biyu ce daban, ɗaya tana iya raba zumunci, ɗaya kuwa labari ne kawai. A tsarin Lowth an warware: "than me" na nufin "than she likes me", "than I" na nufin "than I like him". A rubuce wannan tsari yana aiki, in marubuci da mai karatu duka sun san shi. A baka kuwa, tun da mutane na cewa "than me" a ma'ana biyun, sai mahallin zance ya raba gardama. In kuma sunan mutum ne a wurin, ko "you", dabarar ta mutu murus: "Hadiza likes Musa more than Sani" ba ya da rigar da zai canza, "more than you" ma haka. Faransanci bai tsira ba: "elle l'aime plus que moi" shi ma fuska biyu gare shi.

Hausa fa? A nan ne na fi jin daɗin harshenmu. "Hadiza ta fi ni son Musa." Ba shakka a ciki: ni da ita muna son Musa, nata ya fi. "Hadiza ta fi son Musa a kaina." Nan ma ba shakka: an ajiye ni da Musa a sikeli, ya rinjaye ni. Wurin da wakilin suna ya zauna shi ya yanke hukunci. Amma ku saurari Hausar fassara, irin wadda ake juyo ta daga takardar Faransanci ko Ingilishi a karanta a rediyo: "Tana son Musa fiye da ni." Ga ruɗanin ya shigo, an ɗauko shi daga waje tare da ginin jimlar. Wannan ma wani zance ne da ya cancanci nasa rubutun, mu da muke cewa muna rubutu da Hausa.

Abin da nake yi, kuma nake ba ƙannena shawara su yi, shi ne in jimlar Ingilishi ta rikice sai in mayar da ita Hausa a zuci. In "ta fi ni" ce ta fito, sai in rubuta "than I do". In "a kaina" ce, sai in rubuta "than she likes me". Ƙarin kalma ɗaya ko biyu, ruɗani ya kau. Nan ne dabarar ƙarasa jimla ke da amfaninta na gaske: ka ƙarasa ta a kan takarda, kowa ya gani, ba ka bar ta a zuci kana fatan mai karatu ya san Lowth ba.

Ɓarnar da koyarwa irin ta takardar ke yi ta wuce rasa rabin maki. Yaron da aka ja wa kunne sau biyar cewa "me" kuskure ne, abin da ke zama a kansa shi ne "I" ta fi daraja, "me" ta ƴan kasuwa ce. Daga nan sai ya fara sa "I" ko ina. Za ka ji "between you and I", za ka ga "the teacher gave Musa more marks than I" alhali yana nufin shi aka ba kaɗan, ba shi ya raba maki ba. Wannan jimla ko a tsarin Lowth kuskure ce. Tsoro ne ya haife ta. Wasu kuma sai su daina buɗe baki ɗungurungum. Ku tuna kulob ɗin Ingilishi na lise ko na jami'a, nawa ne ke zuwa su zauna shiru sati da sati, suna gina jimla a kai suna rushewa, har a tashi? Ba na cewa "than I" ce kaɗai ta rufe musu baki. Amma irin wannan tarko, da ake ɗana wa yaro a inda bai yi laifi ba, yana cikin abin da ke koya masa cewa kunnensa ba abin yarda ba ne.

To a ɗakin jarrabawa fa, mi za a yi? Ba zan ruɗe ku ba, maki maki ne, kuma wanda ya shekara yana biyan kuɗin kur ba zai so ya je yana gardamar 1762 da mai gyaran takarda ba. In rubutu ne naka na kanka, wasiƙa ko insha'i, rubuta "than I am", "than she does", "than they have". Babu malamin da zai ja masa jan biro, tsoho ko sabo, na Landan ko na Yamai. In gurbi aka bari aka ce zaɓi tsakanin "I" da "me" kawai, babu aikatau a baya, to ka san mai irin wannan tambaya kusan kullum "I" yake nema, don da "me" ya yarda da ita da bai ɗana tambayar ba. Ba shi abin da yake so, ka karɓi makinka, amma ka sani a ranka cewa tambayar ce gurguwa. In aikatau na biye da gurbin, "than ... am", "than ... does", nan babu gardama ko kaɗan, "I" ce, "she" ce. Da masu rubuta tambayoyi za su riƙa sa wannan aikatau, da tambayar ta zama mai amsa ɗaya ta gaskiya. A hira kuwa, da baƙo ko da abokin ciniki daga Kano ko Akara, faɗi "than me" hankalinka kwance. Wanda ya ce "she is older than I" a wajen shan shayi ba a ce ya yi kuskure ba, sai dai ya yi kama da wanda ya sa babbar riga zai je ɗiban ruwa.

Zancen ya ƙara nauyi yanzu. Kundin da hukumomin ƙasarmu suka fitar a 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko mi mutum ke gani game da wannan mataki, masu neman Ingilishi za su ƙaru, ƴan uwanmu da ke sashen Ingilishi a jami'ar Abdou Moumouni su ne za su tsaya gaban tablo gobe, kuma in littafi ya yi ƙaranci, irin waɗannan takardu ne ke cike gurbi.

Shi ya sa nake ƙara jin haushin wurin da aka ɓata. Kurakuran da muke yi da gaske a kwatance suna nan birjik, takardar ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na farko daga Faransanci yake zuwa: "que" ɗaya ce ke ɗaukar aikin "that" da "than", sai ka ga kaye bayan kaye an rubuta "he is taller that me". Wannan ba mai harshen da zai faɗe shi. Haka "more taller" da "more big", waɗanda "plus grand" ke haifarwa. Akwai kuma wanda ya shafi wakilin suna kai tsaye, wato riga ta uku da aka manta da ita, ta mallaka. Yaro zai rubuta "My phone is newer than you", ko "Our class is bigger than them". Ya kwatanta waya da mutum, aji da ɗalibai. Nan ba "I" ba "me" da za ta cece shi, "yours" da "theirs" ake so. Kuma shi wannan yaron da Hausa ba zai taɓa cewa "wayata ta fi ka sabunta" ba, "ta fi taka" zai ce, da Faransanci kuma "que le tien". Tambaya ɗaya a kan wannan, a madadin ɗaya daga cikin biyar ɗin can, da ta gyara kuskuren da ake yi a kusan kowane aji.